Waƙafi Biyu da Suka Mayar da Babana Mai Sayar da Mushe

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da muka je Dapaong ni da Baba ba, kuma wallahi na yi ƙoƙarin mantawar. Shekara uku ke nan, amma har yau in abin ya faɗo mini a rai, ko ina tsakiyar cin abinci ne, sai in tsame hannuna daga kwano.

Ni malamin Ingilishi ne a wata kolej mai zaman kanta a Sokode. Gidanmu kuwa gidan mahauta ne tun kakanni. Baba, Alhaji Garba, shi ne shugaban mahautan zangonmu, kuma yayuna biyu suna tare da shi a mayanka. Ni kaɗai ya ware ya sa a lekol, wato makarantar boko, duk da ƙaninsa Baba Sule ya yi ta cewa an yi asarar hannu guda a kan teburin nama. Da na gama karatu na fara koyarwa, sai na shiga tafiya kamar ƙasa ba ta isa in taka ta ba. A garin da kowa ke fama da Faransanci, ni Ingilishi nake ji. (Har allunan shagunan mutane nake tsayawa ina gyara wa a zuciyata. Allah Ya yafe mini.)

Ga yadda abin ya taso. An kama wani mutum, wanda ma ba ɗan ƙungiyarsu Baba ba ne, yana sayar da naman saniyar da ta mutu a cikin mota. Labari ya yi ta tafiya har ya kai Bawku a Ghana, wurin dillalan da mahautanmu suke sayen shanu a hannunsu. Dillalan suka ce sunansu ake ɓatawa, ba za su sake loda ko ɗan maraƙi zuwa Sokode ba sai an ba su alkawari a rubuce cewa duk wanda ya aikata haka za a kore shi. Kuma da Ingilishi suke so, don za su ajiye a ofishin hukumarsu. Aka sa rana, aka ce a haɗu a Dapaong tunda ya fi kusa da su.

Baba ya kira ni zaure bayan la'asar, gaban dattawan ƙungiya, ya ce, "To, yau ranarka ce. Ɗauko biro."

Yana faɗa da Hausa ina juyawa. Muka zo kan babbar maganar, ya ce, "Mahautan da suke sayar da mushe za a kore su daga ƙungiya." Na buɗe ƙamus na nemo kalmar mushe, na rubuta: "The butchers who sell carrion shall be expelled from the association." Kuma daidai ne. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, wato da farko daidai na rubuta.

Washegari na kai shagon buga takardu. Ina zaune gaban ordinatar, wato kwamfuta, sai na ga jimlar ta yi tsawo, ta yi fayau babu ado, kamar rubutun ɗan koyo. Na ce bari in ba ta wurin shan iska. Na ɗiga waƙafi ɗaya bayan "butchers", na ɗiga wani bayan "carrion". Na jingina da kujera na duba, na ce yawwa, yanzu ta yi kama da takardar manya.

Sai na tsaya na yi bayani, don mai karatu ya gane girman wautata. A Ingilishi, idan ka ce "my brother who lives in Kara" babu waƙafi, kana da 'yan'uwa da yawa, kana ware na Kara daga cikinsu. Idan kuwa ka kewaye "who lives in Kara" da waƙafi biyu, to ɗan'uwan ɗaya ne tak, zamansa a Kara ƙarin bayani ne kawai. Ta farko tana tantance wanda ake nufi. Ta biyu tana faɗin halin wanda an riga an san shi. A satin nan da nake ba ku labari, wannan darasin na koyar. A satin nan na ba wata ɗaliba sifiri saboda shi, har na rubuta mata da jan biro cewa ta riƙa lura.

Baba ya sa hannu, aka buga hatimin ƙungiya. Ranar Asabar bayan sallar asuba muka shiga mota, ni da shi da Baba Sule da dattawa biyu. Tun daga Bafilo har Mango ambulan ɗin da takardar take ciki yana kan cinyar Baba, ya dafe shi da hannu biyu. Akwai wata dattijuwa 'yar ƙabilar Moba a gefensa, za ta sauka Tandjouaré, ba ta tambaye shi komai ba, amma sai da ya nuna mata. "Ɗana ne ya rubuta. Da Ingilishi." Ni kuma na kalli taga ina wani basarwa, alhali kaina ya kusa taɓa rufin mota.

A gidan wani babban mahaucin Dapaong aka yi zaman, ƙarƙashin rumfar kwano, bayan azahar. Mutum ya kai arba'in, da namu da na Dapaong da baƙin Bawku. Shugaban baƙin, Alhaji Seidu, ya karɓi takardar ya miƙa wa sakatarensu, wani tsoho siriri mai tabarau mai kauri da kwat da ta koɗe. Masta Yakubu ake ce masa, tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya. Na dube shi sama da ƙasa, na ce a raina wannan Ingilishinsa ya tsufa tare da kwat ɗinsa.

Ya karanta a hankali yana bi da yatsa. Sai ya yafito ni, muka koma bayan rumfa wurin randa.

"Ɗana, kai ka rubuta?"

"Ni ne, Masta."

"Ka yi ƙoƙari. Amma waƙafan nan biyu, ka tabbata kana son su a nan?"

Da ina da rabon fita kunya, da a nan na karɓi takardar na sake dubawa. Minti ɗaya ya isa. Maimakon haka sai na yi murmushin nan da nake yi wa iyayen yara, na ce, "Masta, ai wannan fannin shi nake koyarwa kullum. Yanzu an ci gaba, rubutun zamani haka yake."

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "To, madalla."

Aka buɗe taro da addu'a. Baba ya ce in tashi in karanta. Na tashi na gyara wuyan riga, na karanta da muryar rediyo, kuma da na zo wurin waƙafan har dakatawa na yi a kan kowanne, don a ji daɗinsu. Ban da Masta, babu wanda ya gane ko kalma ɗaya, amma aka yi ta gyaɗa kai. Na ga Baba yana satar kallon Baba Sule.

Sai Alhaji Seidu ya ce, "Masta, faɗa mana da Hausa. Yadda yake a takarda, kar ka ƙara, kar ka rage. Abin da za mu kai ofis ke nan."

Masta Yakubu ya miƙe. Ya fassara gaisuwa, ya fassara godiya. Da ya iso wurin sai ya ɗago ya dube ni, kamar mai cewa ga dama ta ƙarshe. Ni kuwa na gyaɗa masa kai, wai ina ba shi izini.

Ya ce, "Sakin layi na uku. Mahauta, waɗanda dama mushe suke sayarwa, za a kore su daga ƙungiya."

Rumfar ta yi tsit. Har ƙarar kwano da rana ke gasawa ana ji.

Alhaji Seidu ya ce, "Wato waɗansu daga cikinsu?"

"A'a, Alhaji. Yadda aka rubuta, dukkansu. Takardar ta ce sana'arsu ke nan."

"Har da Alhaji Garba?"

"Shi ya sa hannu."

Wani daga baya ya kasa riƙewa, ya fashe. Sai rumfa ta ɗauka. Wani mahaucin Dapaong har ya cire hula yana share hawaye da ita, yana cewa, "To in an kore su duka, wa zai rage ya yi korar?" Baba Sule ya zabura ya fizge takardar ya tura mini a ƙirji. "Karanta! Ƙarya yake yi ko gaskiya?"

Na duba. Ga su nan su biyu, ƙanana, baƙaƙe, suna kallona. Ban buƙaci kowa ya yi mini bayani ba, domin muryata ce ta dawo mini a kunne, ina tsaye gaban allo ina cewa, idan kun ga waƙafi biyu, to bayanin ya hau kan kowa da kowa. Kuma kun san abin da ya fito daga bakina? Cewa na yi, "Ordinatar ce ta sa su."

Masta Yakubu zai iya cewa ya gargaɗe ni, amma ya sunkuyar da kai yana goge tabarau. (Da ya tona ni, da na samu wanda zan ji haushi. Ko wannan bai bar mini ba.) Baba Sule ne ya ce, "Ordinatar ce kuma ta kira ka bayan rumfa ɗazu?" Aka sake kwashewa.

Baba bai yi dariya ba, bai kuma dube ni ba. Ya miƙe a hankali, ya fuskanci baƙin, ya ce, "Jama'a, tun ban fi tsawon tebur ba nake yanka da bisimilla. Ban taɓa sa wa Musulmi ko wanda ba Musulmi ba mushe a leda ba. Yau ga shi na sa hannu da kaina cewa na yi. Ku yi haƙuri, ban iya karatu ba." Ya zauna.

Dariyar ta mutu nan take. Ni da za a tsaga ƙasa a lokacin, da na shiga na ja ta a kaina.

Masta ya ce ai abu ne mai sauƙi, a soke waƙafan da biro. Alhaji Seidu ya ce shi ya yarda da Alhaji Garba ɗari bisa ɗari, amma ofis ba ya karɓar takarda mai hatimi da aka yi wa gyaran hannu, kuma hatimin yana Sokode. Sai a koma a sake. Aka ɗage zama da sati biyu. Sati biyu ke nan babu shanun Bawku, mahauta fiye da ashirin suna rabon 'yan dabbobin da aka samo daga Kambolé, tebura rabi babu kaya.

Washegari da safe muka kamo hanya. Baba bai yi mini magana ba har muka wuce Mango, muka wuce Kanté. Sai a Kara, da mota ta tsaya shan mai, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Wannan abin da ake magana, girmansa kamar me?"

Na nuna masa bakin farcena. "Kamar ƙafar ƙuda, Baba."

"Guda biyu?"

"Guda biyu."

Ya ce, "Uhm." Daga nan har gida bai ƙara ba. Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Kafin mu iso, labari ya riga mu. Ashe wani ya ɗauki abin a waya tun daga karatuna mai muryar rediyo har zuwa "ordinatar ce ta sa su". Mata masu sayen nama suka riƙa tsokanar yayuna da yaren Kotokoli, suna cewa a auna musu na yau ba na takarda ba. A lekol kuwa, kun san yadda yara suke kiran malami da "Mushe", wato "Monsieur" ta Faransanci. Shekaru ina jin kiran ban taɓa kawo komai a raina ba. Ranar Litinin da na shiga aji suka miƙe suka ce, "Bonjur, Mushe!" suka ja ƙarshen yadda ba su saba ba, sai na gane rayuwata a wannan makarantar ta canja. Ɗalibar nan da na ba sifiri kuwa, buɗe littafinta kawai ta yi daidai shafin jan biron, ta ajiye a bakin tebur inda zan gani.

Takarda ta biyu ba ni na rubuta ba. Baba ya sa aka kira Masta Yakubu a waya, ya faɗa masa da Hausa, shi ya rubuta ya aiko, aka buga hatimi. Ina zaune a tsakar gida ina jin su. Babu wanda ya ce in zo in duba, ni ma ban nema ba. Shanu suka dawo, kasuwa ta koma yadda take, mutane suka samu wani abin dariyar. Ni ne dai ban koma yadda nake ba.

Darasin da na koya ba na nahawu ba ne, don nahawun na san shi tun kafin in tafi. Na koyi cewa in rubutu ya yi daidai, kuma na ji hannuna yana ƙaiƙayin yi masa kwalliya, to in zauna a kan hannun. Na kuma koyi cewa in tsoho mai koɗaɗɗiyar kwat ya ja ni gefe ya ce "ka tabbata?", ba tambaya yake yi ba.

Baba bai sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Abu guda ne kawai na lura da shi. A da, in baƙo ya zo, yakan ce, "Ga ɗana da ya iya Ingilishi." Yanzu cewa yake yi, "Ga ɗana." Sai ya miƙa wa baƙon ruwa.