Manaja da Ban-ɗakin Inna

Ba kowace uwa ke haifar irin Manaja ba. Takardun shaidarsa bakwai ne, duk cikin gilashi, jere a bangon falo, har sai da aka sauke agogo kafin ta bakwai ta samu wuri. A ofishinsu shi ke kula da manyan ayyuka. Ba ya gini, ba ya haƙa, ba ya ɗaura waya. Aikinsa ya fi ƙarfin wannan: yana tsayawa ne tsakanin masu aiki da aikin, don kada su haɗu da gaggawa.

Inna, mahaifiyarsa, a gidansa take zaune, ɗakin ƙarshe. Gwiwoyi sun daɗe da yi mata tawaye. Daga ƙofarta zuwa ban-ɗaki taku arba'in ne da matakala uku, kuma a ta biyun ta taɓa zamewa ta yi sati uku a kwance. Likita ya ce in ta sake faɗuwa, ƙugun ba zai ɗoru ba. Abin da ta roƙa kaɗan ne: a fasa bango, a yi mata ɗan ban-ɗaki a jikin ɗakinta. Magini ya zo ya auna, ya ce kwana huɗu.

Manaja ya yi masa murmushin tausayi.

"Kwana huɗu! Ka ji tsohon yayi. Malam, duniya ta bar nan. Yanzu ajayil ake yi, wato aiki da zafin nama. A yanka aiki ƙanana, a raba shi zango-zango, kowane zango sati biyu, kowane ƙarshen zango a nuna wa mai abu wani abu da ke aiki. Manyan kamfanoni biyana suke in koya musu. Ku kyauta za ku samu."

Magini ya yi godiya, don shi ma yana da iyali.

Washegari aka kafa farin allo a tsakar gida, daidai kan hanyar Inna, taku arba'in ya koma arba'in da shida. An raba allon gida uku: Za a Yi, Ana Yi, An Gama. Aka lulluɓe gidan farko da 'yan takardu masu manne, rawaya da kore. Ita kuwa Inna aka ba ta muƙami, wai Uwar Aiki. Manaja ya tsaya gabanta da biro.

"Inna, ki faɗi buƙatarki a tsare. Ki ce: a matsayina na tsohuwa, ina son ban-ɗaki, domin... sai ki ƙarasa."

"Domin me? Kai da na shekara uku ina wanke maka tsumma kake tambayata domin me?"

Ya rubuta cewa Uwar Aiki ba ta gama fahimtar buƙatarta ba.

Sai taron tsaye. Kullum ƙarfe bakwai na safe, kowa a kan ƙafarsa, don a cewar Manaja kujera ce kabarin aiki. Da magini, da mai famfo, da matar gida riƙe da ludayi, da Inna kan sandarta. Matar ta taɓa turo mata kujera, Manaja ya mayar da ita da ƙafa cikin ladabi, ya ce ƙa'ida ba ta san uwa ba. Daga ranar maƙwabta masu leƙe ta katanga suka raɗa masa Na-Tsaye. Taron minti goma sha biyar ne, amma mintin Manaja irin mai ƙiba ne. Kafin a watse, simintin da aka kwaɓa ya zama dutse.

Tambaya uku yake wa kowa.

"Magini, jiya me ka yi?"

"Na tsaya, ranka ya daɗe."

"Yau me za ka yi?"

"Ga shi na fara."

"Akwai abin da ke tare maka hanya?"

Magini ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Babu, ranka ya daɗe."

Ƙarshen zango na ɗaya aka yi nuni. Aka tara gida, aka yaye ƙyalle: ƙofa ce sabuwa, an ɗaura ta a bangon Inna. Tana buɗewa, tana rufewa, ko ƙara babu. In ka buɗe, bango za ka gani. Manaja ya ce wannan shi ne abu mai aiki, ya ɗauki hoto, ya ciro 'yar takarda ya kai ta gidan An Gama da tafiyar mai ɗauke da ƙwai. Zango na biyu madubi. Na uku ƙugiyar rataye tawul. An Gama ya cika ya batse, Inna na nan tana ƙirga matakala. In ba ƙira, me ya ci gawayi?

A zango na biyar labari ya zo masa ta waya cewa masanan duniya sun sake shawara. Ya tara mutane da rana tsaka.

"Daga yau an daina ce mini shugaba. Ni bawan tawaga ne. Kuma an daina auna aiki da kwana, wannan ƙauyanci ne. Da girma ake aunawa. Magini, fasa bangon nan girman kaza ne, ko akuya, ko raƙumi?"

"Girman guduma ne, ranka ya daɗe."

Bawan tawaga ya ce babu guduma a jerin, a ɗage batun zuwa zango na gaba. Ya yi sa'a guda yana bayanin tawali'u, bayin da yake wa hidima suna tsaye a rana.

Inna ba ta yi faɗa ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Dabara ta yi irin ta tsofaffi: ta rage shan ruwa don ta rage tafiya. Kofi ɗaya da safe, rabi da yamma. Leɓenta ya tsage, jiri ya fara ɗibarta. Wata safiya a matakala ta biyu sandar ta goce, Allah ya sa surukarta na bayanta ta cafe ta. Manaja ya ji tausayi ƙwarai. Ya samo jar takarda ya rubuta Haɗari, ya manna a sama inda kowa zai gani.

Ana zango na tara aka gayyace shi babban taron masu sana'arsu, ya yi jawabi kan yadda ya shigar da sabon ilimi cikin gida. Kwana biyar zai yi. Ya bar wasiyya kada a taɓa allo.

Ƙurar motarsa ba ta kwanta ba Inna ta kira magini.

"Ɗauko gudumarka."

"Inna, ba a ciro takardarsa ba."

"Takardar ce ke da ƙugu ko ni?"

Ba a taɓa allo ba, bango aka taɓa. Mai famfo ya ja bututu, magini ya shafe, surukar ta wanke. Ranar da ruwa ya zubo, Inna ta zauna bakin gado ta sha kofi uku a jere, ta taka taku huɗu, ta rufe ƙofa.

Manaja ya dawo da kofin girmamawa na gilashi a hammata. Ya buɗe ƙofar nan, bai ga bango ba. Ya leƙa ciki. Sannan ya gyara murya.

"Kun gani? Tawagar da ta samu horo ita ke tafiyar da kanta. Wannan shi ne ƙololuwar ilimin. Wata huɗu ina shuka, yau na girbe."

Ya ce saura abu ɗaya, taron waiwaye: kowa ya faɗi abin da ya fi taimakon aikin, a rubuta, don a riƙa maimaita shi. Kuma doka ce, ba a musa wa kowa. Magini ya dubi ƙasa. Mai famfo ya dubi magini. Matar gida ta tuna ta bar tukunya a wuta.

"Inna, ke fa? Me ya fi taimakawa?"

"Tafiyarka, ɗan nan."

Doka doka ce. Da hannunsa ya rubuta, da hannunsa ya manna.

Inna ta gyara zama, ta ce, "Rufin kicin ma yana yoyo. Yaushe ne taronku na gaba?"