Shugaban da Bai San Gajiya Ba

Ni da ko gaisuwa a ciki-ciki nake yi, ni aka zaɓa in yi jawabin godiya ranar raba kyaututtuka a makarantarmu ta Yelwa. Malamar Turanci ta ba ni kalmar manya: indefatigable, wato wanda ba ya gajiya. Ta ce da ita ake yi wa shugabanni kirari, kuma in fassara saboda iyayen da za su zo daga Digil.

Na yi ta maimaita ta wajen wanke-wanke har ƙannena suka haddace. Na kuma samo maganin kunya: in kafa wa fankar silin ido, kada in kalli kowa. A raina na gama da 'yan taron.

Ranar taron ana zafi, jawabai suka ƙi ƙarewa. Na karɓi makirufo na ɗaga murya: "Our indefatigable principal, shugabanmu wanda bai san gajiya ba." Na dakata, yadda aka koya min, don ya miƙe a tafa masa.

Shiru. Na sauke idona daga kan fankar. Shugaban barci yake, hula ta zamo kan kunne, takardar shirin taro tana hawa da sauka a kan cikinsa.

Wata tsohuwa a layin gaba ta ce, "Kayya, 'yata, rage murya. Bawan Allah yana hutawa."

Har yau in na shiga aji sai wata 'yar ajinmu ta rusuna ta ce, "Hajiya, ina gajiya?" Dole in ce ba gajiya, sauran kuma su kifa kai kan tebur suna minshari.