Ranar da Aka Ƙirga Kakannin Ato Tirune

Duk faɗin lardinmu na Gojjam babu mawaƙin da Allah ya yi wa arzikin kakanni kamar Ato Tirune. Mu sauran mutane da waɗanda aka haife mu da su muke lallaɓawa, su ma manoma. Shi kuwa kowace Lahadi da sabon kaka yake fitowa daga coci. Waƙarsa dai ba wanda ya taɓa jin ƙarshenta, amma ba laifinsa ba ne: kafin ya gama gabatar da dangin da suka haifi waƙar, jama'a sun watse cin abinci. Shi ya sa muke kiransa Ato Kakana. Da murna yake amsawa.

"Kakana waliyyi Abba Fikre Tsiyon," haka yake farawa, yana gyara farin mayafinsa, "shi ne ya yi wa kuraye wa'azi har suka shiga azumi. Kawun kakata kuwa, bishop uku ke riƙe masa laima, na huɗu yana jiran layi. Ni ɗin nan da kuke gani, in na yi atishawa, a gidajen zuhudu ake amsawa!"

Wani ya taɓa tuna masa cewa waliyyin ya rasu shekaru ɗaruruwa da suka wuce, kuma bai taɓa aure ba. Ato Kakana ya dube shi da tausayi.

"Ka ga girman mu'ujizar ke nan."

Ana haka so ya kama shi, so na gaske, har ya rame. Waizaro Mulunesh ce, mai injin niƙa, wadda mijinta ya rasu da daɗewa. Abin mamaki ita ma ta yarda. Ta ce gidan ya yi mata shiru, surutunsa zai yi amfani.

Ya tura dattawa wurin kawunta, Gashe Admasu. Kowa ya san ba a karɓar maganar aure sai an ƙirga kakanni bakwai ta kowane gefe. In aka haɗu a kan mutum guda, magana ta mutu. Kowa kuma ya san mai nema ba ya zuwa wannan zama. Ato Kakana ya zo. Ya ce ba zai bar nasabarsa a bakin mutanen da ba su iya numfashi a inda ya dace ba.

Aka zauna, Mulunesh na gasa kofi a gefe. Kes Alamirew, limamin cocinmu, ya ce a fara da gefen mace. Gashe Admasu ya ɗaga yatsu.

"Ita 'yar Bogale ce, ɗan Tasew, ɗan Minale, ɗan Aleka Desta, shugaban cocin tsibiri, wanda sandar addu'ar waliyyi take hannunsa..."

"Kakana!" Ato Kakana ya yi ihu.

Kofin ya ƙone a kasko ba wanda ya motsa.

Kes Alamirew mutum ne mai son rufin asiri. Ya yi tari ya ce, "Ɗana, ka nutsu. Desta suna da yawa a duniya. Ni na ji an ce naka mai sayar da alfadarai ne a kasuwar Asabar. Mutumin kirki ne, ba ya ɓoye gurgu."

"Alfadarai, Abba?"

"In shi ne, mu ci gaba, a sa rana. In kuma Alekan ne, ku 'yan'uwa ne, ba aure."

Mulunesh ta ajiye kasko. "Tirune, kalma ɗaya ce. Ka ce ka yi kuskure. Ni ba sandar zan aura ba, kai ma ba ita za ta dafa maka miya ba."

A nan fa muka ga jarumta. Gumi ya jiƙa mayafin. Ya dubi Mulunesh, idonsa ya kawo ruwa. Ya buɗe baki, har an ji "al" ɗin alfadarai ta fito. Sai ya miƙe tsaye.

"Ku dubi hancin nan! Wannan hancin ciniki ne? Hancin turaren coci ne! Aleka Desta ya zo mini a mafarki ya ce, jikana, ka fi ni murya!"

"Shi ke nan," in ji Kes Alamirew. "Na shaida, dattawa sun shaida. Jini ɗaya ne."

Sai Ato Belachew, babban dattijon da Tirune ya turo, wanda shi ma matarsa ta rasu, ya gyara zama.

"Gashe Admasu, tunda an riga an taru, ga limami, ga kofi... Nawa kakannin bakwai duk masu noman hatsin tef ne. Ba wanda ya taɓa riƙe ko igiyar ƙararrawa."

"Kana da surutu?" Mulunesh ta tambaya.

"Ina munshari."

"Zai yi."

Gashe Admasu ya ce saura abu guda, a nemi izinin yayan amarya, tunda ga shi a zaune. Duk aka juyo ga Ato Kakana. Tunda yake a duniya ba a taɓa tabbatar masa da kaka a gaban limami ba, ga shi yau har da shawara ake nema. Ƙirjinsa ya kumbura. Ya ba da izinin, ya sa albarka, ya gargaɗi ango ya riƙe musu 'yar gida da mutunci.

"To, Yaya," in ji Mulunesh, "ɗan gida ba ya zama baƙi na jira. Tashi ka ba angon kujerar, ka ɗauko buta ka zuba wa mutane ruwan wanke hannu."