Ƙanƙarar Malama Rabi

A azumin bara na koya wa ɗalibai yadda sinadarin inzayim ke gina kitsen bangon ƙwayar halitta. Har tebur na buga: "Zafi kaɗan ya taɓa shi, ya lalace!"

Da la'asar, babu wuta a Dutse tun safe, na tsinci kula cike da ƙanƙara a ɗakin gwaji. Na ce rabona ne. Na kwashe don sanyaya zoɓon shan ruwa, na bar wasu 'yan kwalabe a ciki.

Ashe abin da ke cikin kwalaben inzayim ɗin binciken abokiyar aikina ne, Malama Rabi.

Washegari ta dube ni. "Malam, zoɓon dai ya yi sanyi?"

Gaskiya ya yi.

Har yau in na shigo ofis sai wani ya ce, "A kulle firij, ga Malam nan."