Ranar da Na Naɗe Ango a Zane

Ba zan taɓa mantawa da safiyar nan ba, kuma gara in faɗa tun yanzu: laifina ne.

Wanzanci nake yi a Bukkuyum. A farkon shekarun tamanin akwai ɗan maƙwabcina, Sani, wanda ba ya magana, aska na taɓa kansa sai ihu. Rannan innarsa ta naɗe shi tam a zane, ya yi lamo, na aske shi tas. Dabararta ce, ni na kwashe yabon. Daga nan na zama gwanin "irin mutanen nan" (ni na naɗa kaina).

Sai aka kira ni askin Ilu mai gyaran rediyo, ranar ɗaurin aurensa. Ilu ba ya kallon idon mutum, doguwar gaisuwa ba ta dame shi ba, in ya kama zancen rediyo kuwa sai la'asar. Na ce a raina, ai ciwon Sani ne. Yana zama a tabarma, yayyen amarya na kallo, na zagayo ta baya na rufa masa zane na ƙanƙame shi.

Ya sandare. Na ɗaga murya ina yi wa baffansa karatu: "Haka ake musu, Baffa. Ba su san abin da ake ciki ba."

Ilu, idonsa a ƙasa, ya ce, "Na sani. Aurena za a ɗaura. Sake ni. Kuma rediyonka da ka kawo sau ukku lahiyatai lau, batir kake sawa a juye."

Aka kwashe da dariya, ban da babban wan amarya, wanda ya tambaya: "Dama ɗaure shi akan yi?"

Baffa ya harare ni. "Wata biyu muna lallashin mutanen ga, kai ka zo da zanenka!"

Da ƙyar aka ɗaura auren, ango ya kifa hula a kan sumarsa.

Yanzu 'yata mai aikin asibiti ta ce abin sunansa galahanga, kuma kowa da irin nasa: wani matsi ke kwantar masa da hankali, wani taɓawar ba-zata ce azabarsa. Ni kai ɗaya na aske na ɗauka na sauke karatu.

Sai da na yi sati uku ina kauce wa rumfar Ilu kafin na je. Yana ganina ya ce, "Tsaya nan. Faɗa daga nan."

Na tsaya. Na ce, "Ango, na taɓa ka ban tambaye ka ba, na yi zancenka kamar ba ka wurin. Ka gafarce ni."