Ranar da Na Rera wa Aji Kakannin da Ba Nawa Ba

Ko da zan manta komai na zaman makaranta, ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar ba, ranar da na ɗauko ƙanen mahaifina a motata, da hannuna, na kai shi aji don ya zama shaidata, shi kuwa ya kwance min zani a kasuwa.

Aikina kula da tsofaffi ne a wani gida nan Greensboro ta Amurka, ran Asabar kuma ina zuwa kwaleji neman takardar nas. Cikin darussan da aka ɗora mana har da tarihin duniya (har yau ban ga inda ya haɗu da allura ba). Malaminmu wani dattijon Bature ne mai farin gemu, mutum mai son jin abin da bai sani ba. In ka gaya masa sabon abu sai ya cire tabarau ya matso kusa, ya manta da sauran aji.

Wata rana ya kawo mana labarin wasu malaman mutanen da, na yankin Faransa da Birtaniya, waɗanda ake kira Druid. Su ne alƙalai, su ne masu kula da addinin mutanensu, su ne kuma ma'ajiyar tarihi. Abin da ya ja hankalina shi ne sun san rubutu, amma sun ƙi rubuta iliminsu. Ɗalibi kan yi har shekara ashirin yana haddacewa, baiti bayan baiti. Da suka ƙare, ilimin ya bi su, abin da ya rage sai ɗan abin da baƙi suka rubuta a kansu, wasu ma abokan gabansu ne. Sai malam ya tambaye mu: a ce abin da suka haddace ya iso mana, baki zuwa baki, da za mu yarda da shi?

Kusan duk ajin suka ce a'a, wai kai yana mantuwa, baki yana ƙari. Ni kuwa raina ya ɓaci kamar dangina aka zaga. Na ɗaga hannu na ce su dai da suka saba da takarda su ne ke mantuwa. Na ce a gidanmu a Maradi, kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma ta haddace kakannin gidanmu na wajen mijinta goma sha biyu a jere, cikin waƙa, kuma ta zuba min su a ka tana yi min kitso. In na yi kuskure a suna ɗaya sai ta ja gashin, shi ya sa ba su taɓa zamewa ba. Na ce Iya ta rasu da daɗewa, amma waƙar na nan yadda ta bar ta, ko wasali bai canja ba, kuma 'ya'yana biyu mata da aka haifa a ƙasar nan sun iya ta.

Maganar 'ya'yan nan gaskiya ce, kuma ita ce abin alfaharina. Hausarsu ta karye, in na yi musu magana da Turanci suke amsawa, tuwo ma sai da lallashi. Waƙar nan ce abu guda da na tabbata na ba su cikakke daga gida. Babbar ma ta taɓa zana sunayen a babbar takarda, aka manna a bangon makarantarsu.

Malam ya cire tabarau. Ya ce ko akwai wani da zai iya tabbatarwa? Na ce akwai mana, ɗan Iya na cikinta, ƙanen mahaifina Baba Alhaji, yana nan kusa a Pleasant Garden, zan kawo shi mako mai zuwa. (Da na tsaya na rera wa Baba waƙar a waya tukuna, da duk wannan bai faru ba. Amma mai gaskiya ai ba ta gwaji, haka na gaya wa kaina.)

Baba Alhaji ya ji daɗin gayyatar. Ya sha babbar riga ruwan toka da hula, ya fesa turare har sai da na sauke gilashin mota. Da muka shiga aji ya gaida malam da "Sannu, Mushe," kamar yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, aka ba shi kujera a gaba. Yana jin Turanci sarai, amma ya ce maganar kakanni ba a yin ta da harshen aro, da Hausa zai yi, ni in fassara.

Na miƙe na gyara mayafi, na fara: "Nomau ɗan Arzika, Arzika ɗan Barmo, Barmo ɗan Jibo..." har zuwa na goma sha biyu, ban yi tuntuɓe ba. Malam yana rubuta sunayen a allo ina gyara masa haruffa. Aka tafa. Na dubi waɗanda suka ce kai yana mantuwa, ɗaya bayan ɗaya, da irin kallon da ban yi alfahari da shi ba yanzu.

Sai malam ya duba takardar sunayen 'yan aji, ya duba allo. Ya ce na taɓa gaya masa sunan da ke bayan nawa, Isuhu, na kakana ne, mijin Iya. To ina yake a jerin?

Sunan nan yana rataye a ƙirjina kullum a katin shaidar wajen aiki, amma shekara talatin ina rera waƙar ban taɓa lura ba ya ciki. Duk da haka bakina bai mutu ba. Na ce ai shi ne Nomau, mutanenmu sukan yi suna biyu.

Baba Alhaji ya yi gyaran murya. Tun da na fara yake kallon takalminsa, ni na ɗauka tunanin iyaye ne ya taɓa shi. Ashe dariya yake dannewa.

"Ɗiyata," ya ce, "gaya ma Mushe, Nomau ba ubana ba ne. Wan Iya ne, kawuna."

Na juya na ce wa aji, da Turanci, wai Alhaji ya ce akwai ɗan bambanci kaɗan.

"Ba haka ni ce ba," in ji Baba Alhaji. "Faɗi yadda ni faɗi."

Haka na tsaya a gaban mutum ashirin da wani abu ina fassara tonon asirina da bakina, jimla bayan jimla. Ya ce a al'adarmu mace ba ta kama sunan mijinta, ba ta kama na surukinta, don kunya da girmamawa. Iya kuwa a wannan fanni ba ta da na biyu, ko yaron maƙwabta ne mai suna Isuhu sai dai ta ce masa "mai sunan malam". To waƙar ta fara ne da mijinta da uban mijinta, Isuhu ɗan Mamman. Ba za ta faɗe su ba, kuma in ta tsallake su waƙar za ta gurgunce. Sai ta nemi sunayen da suka hau kari ta cusa.

Malam ya matso har yana taɓa kujerar Baba. Ya ce to Arzika fa, wane ne?

Baba Alhaji ya saki dariyar da yake riƙewa. "Mai goro ne! Nan bakin kasuwa yake zama, wurinshi Iya ke sayen goro. Ko dangi ba mu haɗa ba."

Na fassara. Wallahi na fassara, da muryar da ni kaina da ƙyar nake ji. Sai wata da ke zaune a baya ta fashe da dariya, sauran suka bi. Ni ina tsaye, zufa na bin bayana cikin sanyin na'ura, ina tuna takardar da 'yata ta manna a bangon makaranta, da mai goro zaune daram a matsayin kakan mahaifina.

Malam kaɗai ne bai yi dariya ba, murna yake. Ya ce wannan ya fi abin da ya roƙa. Ya ce kan Iya bai manta komai ba, kaina ma bai manta ba, kowa ya riƙe abin da aka ba shi daidai. Canjin da gangan aka yi shi, bisa wata doka da duk mutanen gidan suka sani, shi ya sa ba wanda ya ga dalilin bayyana ta. Ya ce wa ya sani ko malaman Druid ma suna da sunayen da ba a faɗa, da gurabun da kowane ɗalibi ya san yadda zai cike, wanda baƙon da ya ji daga waje ba zai taɓa ganewa ba. Na ji daɗin maganar, sai dai ban so zama baƙuwar da ake misali da ita ba, a waƙar gidanmu.

A hanyar komawa, muna tsaye a danja kan Gate City Boulevard, na ce, "Baba, ai da ka bari mun fito ka gaya min."

"Ke kika kai ni shaida," ya ce. "In yi ƙarya gaban Mushe?"

Amma son sani ya fi fushina ƙarfi. Na ce to tun da an gyara biyun farko, sauran goman daidai suke ko?

Ya ce shi daga bakin mahaifinsa ya ji jerin, amma har na bakwai kawai ya riƙe, boko ya ɗauke masa hankali. Ya ce abu ɗaya yake tunawa: mahaifinsa sunan wani kaka na can sama ya ci, wani Isuhu na farko. A waƙata kuwa babu Isuhu ko ɗaya. Ke nan cikin biyar na ƙarshe akwai wanda Iya ta musanya.

"Wanne?" na tambaya.

"Waɗanda suka sani duk sun kwanta dama, ɗiyata."

Wannan ya fi dariyar aji yi min ciwo. Mutum guda cikin waɗanda na fito daga tsatsonsu ya ɓace, ba don an manta shi ba, sai don an girmama sunansa.

Da na isa gida na tara yaran na gaya musu komai. Sun yi dariyar mai goro har da hawaye. Sai babbar ta ɗauko waya ta ce, da Turancinta, mu ɗauki muryata yanzu da jerin da aka gyara, mu haɗa har da na wajen babansu, don kada a sake. Na ce madalla. Na rera namu, na bar gurbi inda ban sani ba. Ta ce saura na Dadi, in fara da sunansa.

Na buɗe baki na ce, "Babanku ɗan..."

"Sunansa, Mama," in ji ta.

Shekara goma sha tara muna tare. Na rubuta sunan mutumin nan a takardun asibiti da na makaranta ba adadi, amma ban taɓa furta shi da bakina ba. Na gwada, harshena ya ƙi. Wayar na ɗauka, yara na kallona, ni kuwa na tsinci kaina ina laluben wani suna mai gaɓa uku da zai hau karin.

Ƙarshe dai sai da aka kira shi daga falo ya zo ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da kansa, yana tambayar me ya same ni nake rufe fuska. Tun ranar, in wani ya ce min ya haddace abu daga bakin tsofaffi, ba na musu, ba na kuma rantsuwa. Tambaya ɗaya nake yi: wace ce ta koya maka, kuma sunan wa take jin kunya?