Ranar da na rungume ƙarfen gada

Ko me zan manta a duniya, ban da Asabar ɗin nan. Mu huɗu ne a bakin gadar kogin Kaduna: ni, da 'yata Ladi, da Sista Rifkatu mai duba masu ciwon damuwa a asibiti, sai maƙwabciyata Mama Ngozi mai garin kwaki, wadda ba wanda ya gayyace ta.

Ladi akawu ce a wani ofis a cikin gari, mu kuwa a Nasarawa muke, a ƙetaren kogi. Tun da bas ɗinsu ta yi karo a kan gadar nan, ko hango ta ta yi sai gumi da rawar jiki. Wata biyu ba ta je aiki ba, har suka aiko takarda: ko ta dawo ƙarshen wata, ko su ɗauki wata.

Na kai ta wurin mai magani a Romi. Shi dai ya san aikinsa, sai ya tono wanda ya yi mata asiri. Ita kuwa Sista cewa ta yi ba ruwanta da tone-tone, tsoron gada za ta yi wa magani, shi kaɗai. Ba allura, ba ƙwaya. Wai yau taku goma, a ja numfashi, a ƙirga, a dawo, gobe ashirin. Na ce, "Abin da kuka je makaranta kuka koyo ke nan? Ni na koya wa Ladi tafiya tun tana wata goma, ba wanda ya ba ni farar riga."

Ran nan Ladi ta kai taku sittin, Sista na tafa mata kamar ta ci zaɓe. Haushi ya kama ni. Na gyara ɗaurin zani na ce, "Matsa, ki ga yadda ake tafiya." (Shekara ashirin ina haye gadar nan, amma a tsakiyar bas, buhu a cinya. Ban taɓa sa mata ƙafa ba.)

Na kai tsakiya ina taƙama, sai ga tirela. Ashe gada rawa take yi! Na leƙa ƙasa, ruwan Agusta ja wur yana gudu. Na durƙusa na rungume ƙarfe, ɗankwalina ya faɗa ruwa ya kama hanyar Lokoja.

Mama Ngozi na ihu daga can, "Mama Ladi, wetin? Kada kika gani?" Masu keke suka taru, wani ya ce a kira 'yan kwana-kwana.

Sai na ji hannu a kafaɗata. Ladi ce. "Mama, kar ki kalli ruwa. Ja numfashi. Ƙirga tare da ni." Na ce ta rufe mini baki, sannan na ƙirga. Haka ta ja ni har muka ɓulla ɓangaren gari, Sista na biye tana rubutu a littafinta (har yau ban sani ba ko sunana ta sa).

Yarinya dai ba ta rasa aikinta ba, wannan kam na yarda. Ni ma na koyi cewa in za ki raina abu, ki raina shi ƙafarki na kan ƙasa.

Washegari kafin coci na je gidan Sista a Kakuri, na ce wata mata a unguwarmu ce ta aiko ni, wai da taku nawa ake farawa.

Ta ce, "Biyar ya isa, Mama. Shekarunta nawa?"

Na ce, "Sa'ata ce."